Yadda Ake Koya wa Ƴan Firamare Rawar Gargajiya ta Bibbiyu a Damagaram

Rawar da ake yi bibbiyu, kowa da abokin takawarsa, ba baƙuwa ba ce a ƙasar Damagaram. Tana cikin gaɗar ƴan mata, inda biyu kan fuskanci juna suna haɗa tafi, ko ɗaya ta saki jiki ta faɗa da baya ƙawayenta su tare ta. Tana kuma cikin takai na samari, inda kowane mai rawa yake haɗa sanda da na gabansa, sannan ya juya ya haɗa da na bayansa. A da dandali ne yake koyar da wannan a daren farin wata, ƙanana suna gefe suna kallon yayyensu har ƙafarsu ta kama, amma yau dandalin ya yi ƙaranci a cikin gari, kuma yaro kan kai aji shida bai taɓa shiga da'irar gaɗa ko ta takai ba. Malamin da yake son maido da wannan a filin makaranta ya kamata ya riƙe abu guda tun daga farko: abin da ake koyarwa a irin wannan rawa shi ne yaro ya iya sauraron abokinsa, ya jira shi, ya kuma kiyaye lafiyarsa. Kyan taku yana zuwa daga baya, kuma ba ya wuya idan wancan ya samu.

Kafin a tara yara

Aikin yana farawa ne daga manya. Bayan an sami amincewar darakta, sai a kai maganar gaban kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye mata ta AME, a bayyana musu dalla-dalla abin da za a yi, a wane lokaci, kuma wa zai tsaya a kai. A garinmu kalmar rawa kaɗai tana iya sa uba ya hana ɗiyarsa zuwa, kuma ban ga laifinsa ba, domin abin da yake gani a wayoyi da wasu wuraren biki ba abin da zai so wa ƴarsa ba ne. Saboda haka a faɗa tun a zaman farko cewa mace da mace za ta yi, namiji da namiji, kamar yadda gaɗa da takai suke tun asali, cewa da rana za a yi a cikin harabar makaranta, cewa ana tsayawa da zarar an kira salla, kuma duk uwar da take son ta zo ta zauna ta gani ƙofa a buɗe take. Wanda ya ce bai yarda ba, a girmama maganarsa, kada kuma a bar ɗansa ya ji kamar an ware shi. A ba shi wani aiki a wannan lokacin, ko da karatu ne a inuwa tare da wani malami.

Daga nan sai neman masu sani. Malami, ko da ya fi kowa ƙwazo, bai kamata ya ƙirƙiro taku daga kansa ya kira shi gargajiya ba. Waɗanda suka yi ƙuruciyarsu a zamanin samariya, lokacin mulkin Seyni Kountché tsakanin 1974 da 1987, sa'ad da unguwanni da jihohi suke gasar waƙa da rawa, yawancinsu yau kakanni ne, kuma suna nan a Birni da Zango da Garin Malam, da garuruwan kewaye irin su Mirriya. A tambayi yaran aji wace ce a gidansu ta iya waƙar gaɗa, za a sha mamakin yawan hannuwan da za su tashi. A je gidan da kai, da sallama da ɗan goro, kada a aika yaro da saƙo. A ce mata: "Inna, mun zo roƙon arziki ne, muna so ki koya wa jikokinki abin da kuka yi a dandali." Da wuya tsohuwa ta ƙi irin wannan roƙo. Haka za a yi wajen neman dattijon da ya taka takai a samartakarsa.

Idan ta fara rerawa, a nemi izininta a ɗauki muryar a waya, a kuma rubuta kalmomin da Hausa a littafi guda da aka keɓe. Sannan a zauna a tace. Waƙoƙin gaɗa da yawa na ƴan matan da suka isa aure ne, cike suke da zancen saurayi da kishiya da habaici ga uwar miji, wasu kuma zambo ne ga wata sana'a ko wata ƙabila. Waɗannan ba na ƴan shekara bakwai ba ne. A zaɓi biyu ko uku masu gajeren amshi da tsabtar magana. Inda baiti ɗaya ne kawai ya ɓata waƙa, a roƙi tsohuwar ita da kanta ta musanya shi, domin ta fi kowa sanin kalmar da za ta zauna a kan karin ba tare da ta karya shi ba.

Fili da lokaci

Makaranta tana buɗewa a watan Oktoba, kuma lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da gari ya yi sanyi kuma kara yana nan a yalwace bayan kaka. Daga Maris zafi yake kamawa, a Afrilu da Mayu ma'aunin zafi yana wuce 40, kuma sa yara tsalle a irin wannan yanayi ganganci ne. Idan azumi ya faɗo a tsakiya, a dakata sai bayan salla. Zama biyu a mako ya isa, kowanne minti 25 zuwa 30, da safe bayan hantsi ya ɗan ɗaga.

Filin yana bukatar kulawa fiye da yadda ake zato. Ƙasarmu mai duwatsu ce, ga tsidau da ƙarangiya da fasassun kwalabe da suke ɓuya cikin rairayi. A share da tsintsiyar kwakwa, a bi da ido a tsince tsakuwa, sannan a yayyafa ruwa minti goma kafin a fara, saboda ƙafafu sittin a kan busasshiyar ƙasa a lokacin hunturu suna tayar da ƙurar da za ta sa rabin aji tari. Ranar da hazo ya yi kauri, a koma cikin aji a yi tafi da waƙa kawai. Yara su cire silifa, domin ita ce take fizgewa ta kayar da yaro; ko dai ƙafa ba takalmi a filin da aka share, ko takalmi mai rufi. Ƴan mata su ɗaure zane tamau, a kuma lura da dogon hijabi wanda abokiyar rawa za ta iya takawa ko hannunta ya sarƙe a ciki. A ajiye ruwan sha a inuwa.

Kunne da hannu kafin ƙafa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a kunna waƙa a sifika tun ranar farko a ce yara su taka. Na'ura ba ta jiran kowa, ba ta rage gudu idan yaro ya ruɗe, kuma tana mai da yara masu bi kawai, alhali a gaɗa masu rawar su ne makaɗan kansu. Makon farko da na biyu a ba su ga murya da tafi. Yara su tsaya a da'ira, tsohuwar ta ba da waƙa a matsayin zabiya, su kuma su karɓi amshi. Sai amshin ya zauna a bakinsu sannan a ƙara tafi, kuma tafin ya zama irin wanda ita take yi, ba wanda malami ya ga ya fi sauƙi ba. Idan yana da sarƙaƙiya, a fara da bugun da ya fi nauyi kaɗai, a ƙara sauran a hankali.

Akwai gwaji mai sauƙi da zai nuna ko kunnensu ya kama. Ana cikin waƙa sai malami ya ɗaga hannu, kowa ya yi shiru yana ci gaba da ƙirga bugun a zuciyarsa, bayan ɗan lokaci ya sauke hannu su dawo. Idan suka dawo tare, an shirya wa mataki na gaba. Idan suka dawo a warwatse, a ƙara kwana a nan, babu gaggawa.

Sannan a kawo ƙafa. Takun farko shi ne mafi sauƙi: a taka gefe da ƙafa ɗaya, a jawo ɗayar ta same ta, a koma ɗaya gefen haka nan. Gwiwa ta ɗan lanƙwasa, tafin ƙafa ya sauka gaba ɗayansa a ƙasa, ƙirji ya ɗan rusuna gaba, kafaɗa a sake. Yara da yawa suna sandarewa kamar masu fareti, saboda abin da suka saba da shi ke nan a filin makaranta wajen ɗaga tuta, don haka sai an yi ta tuna musu su saki gwiwa. Malami ya tsaya a gabansu ya ba su baya lokacin da yake nunawa, domin damarsa ta zama damarsu.

Haɗa su bibbiyu

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a fi daɗewa. Kada a ce wa yara kowa ya zaɓi abokinsa, domin cikin daƙiƙa kaɗan za a ga aminai sun rungume juna, a bar wasu uku ko huɗu a tsaye ba mai so, kuma kullum su ne dai: mai kunya, baƙon da aka kawo daga ƙauye, wanda rigarsa ta tsufa. Malami ne zai haɗa, bisa tsawo da nauyin jiki. Hanya mafi sauƙi ita ce a jera su daga gajere zuwa dogo, mata daban maza daban, a naɗe layin bibbiyu. Idan ɗaya ya yi saura, malami ya zama abokinsa a wannan zagaye, a zagaye na gaba wani ya karɓi wurin, don kada ya zama yaro ɗaya ne kullum yake rawa da malami ko malama.

A zana da'ira biyu a ƙasa da tsinke ko da toka, ƙarama a cikin babba, tazarar taku ɗaya tsakaninsu. Ƴan ciki su ba tsakiya baya, ƴan waje su fuskance su. Da zarar sun fuskanci juna wata matsala za ta ɓullo, wato damar wannan ita ce hagun wancan, kuma ƴan CI da CP, wato aji ɗaya da aji biyu, da yawa ba su gama rarrabe dama da hagu ba tukuna. Maimakon a yi ta ihun "dama, hagu", a ɗaura wa kowa ɗan ƙyalle ko zare a wuyan hannun dama, sai umarnin ya zama "mai zare da mai zare". Wannan yana taimakon bahago ma, wanda ba a so a matsa masa ko a yi masa dariya.

Tafin bibbiyu ana gina shi ne daki-daki. Da farko kowa ya tafa nasa, sannan su haɗa tafin hannu biyu da na abokinsa, a yi ta maimaita wannan har ya daidaita da waƙar. Bayan haka a shigo da gicciye: nasa, dama da dama, nasa, hagu da hagu, nasa, sannan duka biyu. A lura da masu ƙarfi da suke dukan hannun abokinsu har ya yi ja. A kira irin wannan yaro a natse, a sa ya haɗa hannu da malami, a nuna masa cewa ƙarar tafi daga kumburin tafin hannu take fitowa, ba daga ƙarfin damtse ba. Sai tafi ya zauna sannan a haɗa shi da takun gefe, su biyun suna tafiya wuri guda. A nan ma a bar dama da hagu, a yi amfani da abin da ido yake gani: "wajen bishiyar dogon yaro", "wajen ƙofar aji", ko gabas da yamma, waɗanda yaranmu suke sani da wuri saboda alƙibla.

A ƙarshen kowane baiti, ƴan waje su matsa taku ɗaya gefe su sami sabon aboki, ƴan ciki suna nan inda suke. Wannan sauyi, a ganina, shi ne mafi amfani a cikin darasin duka, domin kafin waƙa ta ƙare ɗan mai kuɗi ya haɗa hannu da ɗan mai tura kura, Bahaushe ya haɗa da Babarbare da Bafulatani da Buzu, kuma kowa ya koyi daidaita gudunsa da na wanda bai saba da shi ba. Idan wani ya noƙe hannu daga wani, a tsayar da waƙar nan take a gyara, cikin taushin murya amma ba tare da an wuce maganar ba. Bulala ba ta da wuri a wannan fili ko kaɗan. Yaron da yake tsoron duka ba zai saki jikinsa ba, kuma rawar ba ta yiwuwa da ɗaurarren jiki.

Faɗuwar gaɗa da sandar takai

Bayan kimanin wata guda, sai a raba fili biyu, malama da tsohuwar su ɗauki ƴan mata, malami da dattijon su ɗauki maza.

Abin da ƴan mata suka fi ɗoki shi ne faɗuwa da baya, kuma shi ne ya fi haɗari, saboda haka a bar shi ga ƴan CE2, wato aji huɗu, zuwa sama. A fara da mai faɗuwa tana tsaye, abokiyarta tana bayanta dab da ita, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tafukan hannunta a buɗe kusa da allon kafaɗar ta gaba. Ta gaban ta miƙe jikinta, ta jingina baya da tazarar da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, ta bayan ta tare ta ta mai da ita tsaye. Kafin kowace faɗuwa sai mai faɗuwa ta ce "ga ni nan", mai tarewa ta amsa "taho", kuma idan ba a ji amsar ba babu faɗuwa. Sai su yi musanya. Idan wannan ya kama, a ƙara tazarar kaɗan, amma daga nan masu tarewa su zama biyu ko uku, a kan rairayi mai laushi, malama tana tsaye a bayansu. Cilla yarinya sama, kamar yadda manyan ƴan mata suke yi a dandali, ba na firamare ba ne. Wadda ta janye hannu da gangan don a yi dariya, a fitar da ita daga wannan sashe na ranar, a kuma yi mata bayani a keɓe cewa ƙeyar ƙawarta aka ba ta amana. Wadda kuma take jin tsoro, kada a tilasta mata. Ta zama mai tarewa har ranar da za ta ce da bakinta tana son gwadawa.

Ga maza, a yanko karan dawa mai kauri, tsawon kamu ɗaya, a fige ganyen, a goge bakin. A duba kowane kara kafin zama, domin wanda ya tsage ɓawonsa yana yanka hannu, sai a jefar da shi a ɗauko wani. Sandar itace sai yara sun ƙware, idan ma za a kai can. Da'irar takai dole adadinta ya rabu biyu daidai, in ba haka ba wani zai juya ya tarar da bayan abokinsa. A bi su ɗaya bayan ɗaya ana raɗa musu suna: gero, dawa, gero, dawa, har a zagayo. A bugu na farko kowane gero ya fuskanci dawar da ke damarsa su haɗa kara, a bugu na biyu kowa ya juya ya haɗa da maƙwabcinsa na ɗaya gefen. A fara yin wannan a tsaye wuri ɗaya, da tafin hannu maimakon kara, sannan da kara a hankali ana ƙirgawa da baki, sannan a sa da'irar ta fara tafiya. Dokoki biyu ba a sassauta su: kara yana haɗuwa da kara ne sama da kai, nesa da fuska, kuma wanda ya juya bai ga idon abokinsa ba ba ya kai bugu. Adadin takun da ke tsakanin bugu da bugu, da salon juyin, a bar wa dattijon ya nuna yadda ake yi a garinsu, tun da kowane yanki yana da nasa.

Yaron da yake da naƙasa a ƙafa yana iya haɗa tafi ko kara daga zaune, abokai suna zuwa gare shi bi da bi, ko ya riƙe kiɗa.

Shigowar makaɗi

A tsawon waɗannan makonni abin kiɗa mai sauƙi ya wadatar: ƙwarya a kife a cikin kwanon ruwa ana bugunta da ɗan kara, ko jarkar da ba kome a ciki. Makaɗi na gaske, mai kalangu ga ƴan mata ko mai ganga ga maza, a kawo shi a zama uku ko huɗu na ƙarshe. A yi ciniki da shi tun da wuri, a biya shi haƙƙinsa daga asusun da kwamiti ya amince da shi, domin sana'arsa ke nan. Amma a zauna da shi kafin ya shiga fili. Makaɗi ya saba bin ƙafar gwani yana ƙara wuta, ya saba kuma yi wa mai rawa kirari don a yi masa liƙi. A roƙe shi ya riƙe kiɗan a gudun da yaran suka saba, ya zuba ido ga mafi rauninsu, kada ya kira sunan uban kowa, kuma a sanar da iyaye cewa babu liƙi. Idan aka bar kuɗi ya shigo, nan take za a san ɗan wa ake wasawa da ɗan wa aka manta.

Ranar nunawa iyaye

Ana iya tsayar da ranar kafin hutun ƙarshen Disamba, kusa da bikin Jamhuriya na 18 ga wata, idan an fara da wuri, ko kuma a bari sai cikin Fabrairu. Kada a ɗora wa iyaye ɗinkin anko. Tufafi masu tsabta da ɗan ƙyalle iri ɗaya a ƙugu sun isa. Kowane yaro da ya halarci koyo ya shiga, ba gwanaye kaɗai ba, kuma kowane rukuni kada ya wuce minti goma. A shimfiɗa wa tsohuwar da dattijon tabarma a gaba, a ambaci sunayensu a gode musu a bainar jama'a, a kuma ba tsohuwar dama ta ba da waƙar farko da bakinta idan tana so. A roƙi masu waya kada su watsa hoton ɗan wani a WhatsApp ko TikTok ba da yardar iyayensa ba, a faɗi wannan da babbar murya kafin a fara.

Bayan an watse, malami ya koma ga littafin nan ya ƙara abin da ya gani: wace waƙa ce ta fi saurin kamawa, a wane mataki yara suka fi ruɗewa, daga bakin wa aka karɓi kowane baiti kuma a wace unguwa. A ajiye littafin a ofishin darakta tare da kwafin muryoyin da aka ɗauka, saboda ana yi wa malamai sauyin wurin aiki. Idan shekara ta zagayo, ƴan CM1, wato aji biyar, da suka riga suka iya su ne za a haɗa da sababbin ƴan CI a makonnin tafi, babba ɗaya da ƙarami ɗaya, babban yana durƙusawa don hannuwansu su daidaita.